Allurar Zafi da Tsintsiyar Mahaifiyarka

Takur, Dutse,
Lahadi, bayan sallar azahar.

Zuwa ga ɗana Abba, mai sunan mahaifina, sabon malamin dabbobi na Kafin Dinya da kewayenta.

Amincin Allah da rahamarSa su tabbata a gare ka, da iyalinka Bilkisu, da duk wata saniya ko akuya da ƙaddara za ta kawo hannunka. Allah Ya kiyaye hanyarka, Ya sauke ka lafiya, Ya haɗa ka da maƙwabtan kirki da rijiya mai daɗin ruwa.

Bayan haka, na zaɓi alƙalami a kan baki ne saboda dalili guda. Duk ranar da na zaunar da kai zan yi maka nasiha, mahaifiyarka takan gyara mini tarihi daga bayan labule. Takarda kuwa ba ta katse babba.

Jibi za ka karɓi mabuɗin Gwaggo. Ka san ta, amma sani irin na fasinja. Jif ce mai shan gas, mai jan ƙafa huɗu, wadda na saya a gwanjo shekara biyu bayan an ƙirƙiro jiha, lokacin da aka kwaso mu daga Kano da fayilolinmu aka zube a gindin duwatsun nan, aka ce mini ni ne sufeton makarantun da kwalta ba ta san da su ba. Ku yara kuka sa mata suna Gwaggo saboda tarin da take yi da safe. Ban hana ba, domin ta girme ku a wahala.

Ba don sha'awa na ba ka ita ba. Mahaifiyarka ta sanar da ni, tare da gargaɗin cewa ba ta sanar da ni komai ba, cewa Bilkisu tana da juna biyu, kuma lissafi ya faɗa kan kaka. Tsakanin Kafin Dinya da asibitin Jahun kuwa babu komai sai yashi da burtali da ciyawa, motar haya ba ta shiga sai ranar kasuwa. Saboda haka akwai rana guda tak a wannan shekara da ba a yarda Gwaggo ta yi zafi ba, kuma babu wanda zai aiko maka da sanarwar ranar. Wannan wasiƙa gaba ɗayanta a kan wannan rana take.

Zan koyar da kai da kurakuraina, domin su ne kaɗai dukiyar da na tara wadda ba ta raguwa in an raba.

Na farko ya faru a harabar wata firamare da ke bayan Kiyawa. Na iso duba malamai, allurar zafi ta haye ja, tururi yana fita ta hancin Gwaggo. Malamai suka fito tarba. Ni kuwa a lokacin na karanta littattafan likitocin dā da suka raba halittu zuwa zafi da sanyi da danshi da bushewa, har ina jin injin mota ba zai gagari wanda ya fahimci hanta ba. Na ɗaga bonet, na cire hulata, na ɗora ta a kan murfin lagireto, wato tankin nan mai saƙar zuma da ke sanyaya ruwan inji.

Hedimasta, wani dattijo mai sanyin murya, ya ce, “Ranka ya daɗe Sufeto, da an ɗan jira ta huce.”

Na ce, “Malam Hedimasta, mai ilimi ba ya jiran ƙarfe.”

Na murɗa. Abin da ya biyo baya ya fi kama da hukunci. Hular ta tashi sama har ta gaisa da reshen darbejiya, rabin gemuna na hagu ya yi ritaya kafin lokacinsa, ni kuma na yi wata irin rawa da ba a taɓa gani a ma'aikatar ilimi ba. Cikin fushi na ce a kawo ruwan randa in sheƙa wa injin. Dattijon ya riƙe bokitin da hannu biyu ya ce, “Ranka ya daɗe, ko tukunyar ƙasa ce aka sauke daga wuta aka zuba mata wannan, tsagewa za ta yi.” A rahotona na ranar na rubuta cewa makarantar tana da shugabanci nagari.

To, ka ji. In allura ta haye, ka gangara gefe ka tsaya. In ruwa bai zube ba kuma fanka tana juyawa, ka bar injin yana numfashi a hankali na ɗan lokaci kafin ka kashe. In kuwa ruwa yana tsiyaya ko tururi ya turnuƙe, kashe shi nan take. Kada ka taɓa murfi sai ka iya ɗora tafin hannunka a kan lagireto ka karanta Fatiha ba tare da gaggawa ba. Sannan ka buɗe da tsumma, fuskarka tana kallon wani gari. Kada ka zuba ruwan sanyi a inji mai zafi ko da gwamna ne ke jiran ka.

Kuskure na biyu na fi jin kunyarsa, domin ya shafi kicin. Gwaggo ta fara shan ruwa fiye da raƙumi. Kowace safiya sai na ƙara mata, da na kududdufi, da na rijiya mai gishiri, duk wanda hannuna ya kai. A tashar Jahun wani direba mai kwarjini ya ce mini, “Alhaji, ai wannan ƙaramin abu ne. Zuba mata garin kuka cokali uku, duk inda huda take zai toshe.” Na yi nazari na ga maganar ta dace da ilimin yauƙi. Na saci cokali biyar daga gwangwanin mahaifiyarka, saboda a ganina mota mai ƙafa huɗu ta fi ƙarfin uku.

Kwana biyu bayan haka na isa garejin Bulus ana turo ni. Ka san Bulus, bakaniken nan mutumin Filato da ya zo Dutse tare da mu, mai ajiye sifana a aljihun gaba kamar alƙalami. Ya buɗe murfi, ya sa yatsa, ya ɗago, abu ya biyo shi kore shar yana ja.

Ya ce, “Malam, wa ya kaɗa miya a nan? Saura daddawa kawai.”

Na ce, “Oga Bulus, gwaji ne na ilimi.”

Ya ce, “To ilimi ya toshe ko'ina, ban da inda take yoyo.”

Ya tsuguna, ya nuna mini wani farin tabo a bakin tiyon ƙasa. Maɗaurin tiyon ne ya saki. Juyi biyu na sukurdireba ya gama maganin abin da na yi wata guda ina tunani a kansa. Wankin miyar kuwa ya ci yini biyu.

Saboda haka, in ruwa yana raguwa, kada ka nemi abin toshewa, nemi hudar. Ka ajiye Gwaggo a busasshiyar ƙasa, da safe ka duba inda ta jiƙa. Ka bi tiyo na sama da na ƙasa da yatsa, ka nemi tsagewa ko kumburi ko farin tabo. Ka leƙa ƙarƙashin famfon ruwa, domin in ya gaji hawaye yake yi ta wata 'yar huda. Ka duba robar murfin kansa, domin murfin da ya mutu yakan sa ruwa ya tafasa tun lokacinsa bai yi ba, mutum ya yi ta zargin manyan sassa alhali ƙaramin ne mai laifi. Na ga irin wannan a ofis ma. Ruwa kuma ka ba ta na sama da ka tara ko na famfo mai tsabta. Abin da ba za ka ba baƙo ya sha ba, kada ka ba Gwaggo.

A wannan zaman ne Bulus ya koya mini abin da babu shi a littafin motar, wanda na karanta sau uku har da godiyar masu bugawa. Ya ce, “Malam, kai kullum tambayarka me ya sa ta zafi. Ka fara tambaya yaushe take zafi.”

Na ce, “Bayyana, ina saurare.”

Ya ce, “In a kwalta take zafi, kana gudu, iska tana dukan ta amma ba ta huce ba, to ruwa ne ba ya zagayawa. Ko cikin lagireto ya toshe, ko famfo ya gaji, ko tamostat ya maƙale. In kuma a yashi take zafi, kana tafiyar hawainiya, da ka hau kwalta ta sauko, to iska ce ba ta isa. Duba fambel, duba fanka, duba gaban lagireto.”

Tamostat ɗin nan wani ɗan ƙarfe ne mai tsaron ƙofar ruwa, ba ya buɗewa sai inji ya ɗumama. In inji ya yi zafi amma tiyon sama yana nan da sanyi, to mai gadin ya yi barci a bakin aiki. Ana gwada shi a tafasasshen ruwa, in lafiyayye ne za ka ga ya buɗe baki. Na gwada nawa a tukunyar shayin mahaifiyarka, ya buɗe lafiya lau, ita ma ta buɗe nata, kuma nata ya fi daɗewa a buɗe. Za ka haɗu da masu cewa a cire shi a yar tunda ƙasarmu ba ta sanyi. Kada ka biye musu. In ya mutu, a sa sabo. Fambel kuma, wato robar nan da ke juya fanka, ka danna shi da babban yatsa, in ya lotsa da yawa ko yana ƙyalli ko yana kuka da safe, a ɗaure ko a sauya. Fanka, bayan ka kashe inji yana da ɗumi, ka tura ta da hannu. In ta yi ta juyawa ba turjiya kamar ma'aikacin da ba shi da ra'ayi, ta gama aiki.

Yanzu na iso inda nake ta kewaye-kewaye don kada in iso.

Ka san labarin haihuwar Auta Safiya kamar yadda na ba ka shi lokacin kana makarantar kwana: wai an sayar mini da gurɓataccen gas, mota ta mutu a daji, Allah Ya kawo mai amalanke. Shekara shida ke nan ina ba da shi haka, har na fara yarda da shi. Bara da aka ƙaddamar da shari'a, kowa yana duba halinsa, malamin masallacinmu ya yi karatu a kan shaidar zur, sai na ji kamar da ni yake. Na yi wa mai gidan mai ƙazafi, na yi wa allura ƙazafi, kuma cikinsu babu mai bakin kare kansa. Ga yadda abin ya kasance.

A ƙarshen daminar shekarar, Gwaggo ta koma zafi, amma a daji kawai. Ruwa cike, fambel sabo, fanka lafiya, tamostat ya ci jarrabawa. Na leƙa gabanta na gan shi fes, domin kullum ana wanke mata fuska. Bulus ya ce, “Malam, bar mini ita kwana ɗaya in sauke lagireto in ga bayansa.” Na ce ina da makarantu goma sha da ke jiran hukuncina. Na zauna na yi ƙiyasi irin na masana: an binciki duk waɗanda ake tuhuma, an same su ba laifi, saboda haka mai ƙarar ce maƙaryaciya. Na yanke wa allura hukunci. Da yake ganinta a ja yana tayar mini da hankali, sai na sayi 'yar takardar nan mai manne da aka rubuta addu'ar tafiya a kai, na liƙe ta a kan allurar ɗaf.

Bulus ya leƙo ya ga takardar a kan allura. Sannan ya ce, “Malam, addu'a abu ne mai kyau, mu ma muna yi. Amma a gilashi ake liƙa ta, ba a idon mota ba.”

Na ce, “Oga Bulus, tsaya a kan sifana, ka bar mini tauhidi.”

Mako biyu bayan haka ni da mahaifiyarka muka je ƙauyenmu gaisuwar rasuwa, ana ganin saura mata wata guda ta haihu. Da hantsi naƙuda ta taso. Matan gida suka yi iya yinsu har azahar, ungozoma ta fito ta ce abin ya fi ƙarfin ɗaki, a yi Jahun. Na kwantar da mahaifiyarka a baya tare da gwaggonka Lami, wannan karon gwaggo ta gaske. Don in rage hanya na yanki burtali ta cikin saura, gonakin da aka bari suka huta, inda kyasuwa ta yi tsayi har tana shafar gilashi, ta fitar da gashin nan nata mai laushi. Na sa ƙafa huɗu, na taka.

Can sai na ji muryar mahaifiyarka, a tsakanin ciwo da ciwo: “Malam, motar nan tana ƙauri. Kamar tukunyar da ruwanta ya ƙone.”

Na ce, “Hajiya, ki ji da abin da ke gabanki, ki bar mini inji.”

Ta ce, “Me allurar ta ce?”

Na dubi inda allura take, na ga addu'ar tafiya. Abba, da na sa farce na ɓare ta a lokacin, da na tsaya na minti ashirin a inuwa, da mun isa. Ban ɓare ba, saboda ina tsoron abin da zan gani, kuma ina tsoron a ce Bulus ya yi gaskiya. Na ƙara taka ta. Ƙarfinta ya fara raguwa, ta yi wata ƙara kamar ana girgiza tsakuwa a gwangwani, farin hayaƙi ya biyo salansa, ta tsaya cik. Hasumiyar masallacin Jahun ko alamarta babu.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Na fito na tsaya a rana da duk littattafan da na karanta, babu ko ɗaya da ke jan mota.

Wani manomi da ke ɗaukar gero a gonarsa ya hango mu. Bai tambaye ni muƙamina ba. Ya ture dammunan geronsa ƙasa, ya shimfiɗa kara da buhu a amalanken shanunsa, muka ɗora mahaifiyarka. Na bi su a ƙasa, takalmi a hannu, ina roƙon bijimai biyu su yi sauri da ladabin da ban taɓa yi wa kwamishina ba. Mun isa bayan la'asar. Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe ta ta dube ni ta ce, “Baba, ina kuka tsaya?” Ta shige da ita ɗakin haihuwa. Da aka fito aka ce mini uwa da 'ya suna raye, ta ƙara da cewa da mun ƙara jinkiri kaɗan da wata maganar ake yi. Na zauna a dakalin asibiti.

Mahaifiyarka ta ji ni ina ba mutane labarin gurɓataccen gas ranar suna. Ba ta ce komai ba, ranar ko bayanta. Duk tarihina tana gyarawa, ban da wannan. Ka auna nauyin hakan da kanka.

Tarakta ce ta jawo Gwaggo Takur. Gasket ya ƙone, wato shimfiɗar da ke raba ruwa da wuta a kan inji. Ka riƙe alamominsa: ruwa yana ɓacewa ba tare da yoyo ba, kumfa tana tasowa a bakin lagireto in an tayar da inji da sanyi, farin hayaƙi ba ya yankewa, baƙin mai kuma ya koma kalar kunun gyaɗa. In ka ga haka, kada ka ƙara taku ɗaya. Amma ka sani gasket ba ya ƙonewa don kansa, wani ne ke kashe shi. Mu kuwa har lokacin ba mu san mai kisan ba.

Gwaggo tana nan ajiye a tsakar gida muna jiran kaya daga Kano, har mahaifiyarka ta yi arba'in. Wata safiya ina karatu a barandar gida, ta tsaya da tsintsiya a hannu ta ce, “Malam, me kajin nan suke samu a ƙarƙashin hancin motarka? Kullum nan suke yini, sun bar dusar da na zuba musu.”

Na ce, “Inuwa suke bi, Hajiya. Ɗabi'a ce ta tsuntsaye, an yi rubutu a kai.”

Ta ce, “Inuwa ake tsattsaga da baki?”

Ta kore su, ta durƙusa, ta leƙa sama. Ashe a gaban lagireto akwai wani ƙaramin ɗan'uwansa na iyakwandishan, wanda bai taɓa sanyaya kowa ba tun da na saye ta, kuma tsakaninsu akwai rata kamar faɗin yatsu biyu, wadda ba a gani ta gaba. Ta zura tsinken tsintsiya a ratar, ta jawo. Abu ya fito kamar bargo. Gashin kyasuwa ne da ƙarangiya da ƙaiƙayi na kaka biyu, sun haɗu da ƙura sun dunƙule, sun rufe lagireto ruf. 'Ya'yan ciyawar da ke zubowa su kaji ke ci. Ta ci gaba da jawowa har ta cika kwando.

Ta miƙe ta karkaɗe zaninta ta ce, “Rariya ce ta toshe, Malam. Ko gari ba ya wucewa, balle iska.”

Da Bulus ya zo na nuna masa kwandon. Ya cire hularsa, ya juya wajen ƙofar kicin ya ce, “Hajiya, gobe da ƙarfe takwas ki zo gareji, ni zan riƙa miƙo miki sifana.” Daga ciki ta ce, “Ka fara ɗaukar Malam, ya fi ni buƙatar aikin.” A ranar na ɓare takardar da hannuna na mayar da ita gilashi, inda take har yau.

To, ga abin da nake so ka ɗauka. Daga ranar da kyasuwa ta fara fitar da kai har a gama sussuka, kowace safiya kafin ka tayar da Gwaggo, ka durƙusa ka share ratar nan a hankali, kada ka lanƙwasa saƙar. Ran Juma'a ka watsa ruwa daga ɓangaren inji zuwa waje, ba daga waje zuwa ciki ba, kada ka ƙara cusa dattin. Bulus ya ɗaura mata raga a gaba, ita ma a kakkaɓe ta. Jarka biyu na ruwa su zauna a baya, tanki kada ya sauka ƙasa da rabi daga watan bakwai na Bilkisu. Kada ka yanki burtali don sauri, bi hanyar da amalanke ya riga ya tattake. In abu ya shige maka duhu, ka aiko wa Bulus. Bara da aka ƙaddamar da shari'a wasu suka ce zai tattara ya koma gida, cewa ya yi, “In bar Gwaggo a hannun Malam? Ina da imani.” Ka gaishe shi da girmamawa, kawunka ne.

In kuma Bilkisu ta ce maka tana jin ƙauri, ka tsaya. Kada ka yi mata bayani. Na lura kana da irin muryata in kana da tabbaci, kuma wannan shi ne abin da ya hana ni barcin rana yau na ɗauki alƙalami.

Allah Ya tsare ka a kwalta da yashi. Allah Ya sauki Bilkisu lafiya, cikin sauƙi, a kan gado ba a kan kara ba. Allah Ya sa allurarka ta zauna a tsakiya, ta mota da ta zuciya. Safiya tana gaishe ka, ta ce ka aiko mata da ɗan akuya. Mahaifiyarka tana sa maka albarka.

Da ka zauna a kujerar direba, ka sa hannu a ƙarƙashinta. Za ka ji tsintsiya sabuwa, an ɗaure ta da jan zare. Ba ni na sa ba, kuma ban gaya mata abin da nake rubutawa ba. Ɗazu na hango ta ta taga tana turawa, ta rufe ƙofar a hankali don kada in ji. Kada ka share ɗaki da ita, kada ka ba kowa aro.

Ni ne mahaifinka,
tsohon Sufeton Makarantu,
ɗalibi a ajin Hajiya.